Baƙin Rufi a Kan Ɗakin Inna

…sha ɗaya da ɗigo huɗu. Abin da mitar wuta ke nunawa ke nan, kuma ko zai kafe ta da ido har gobe, ba za ta ƙara masa ko rabin ɗigo ba. Mai Kwalta yana tsaye gaban akwatinta a bakin matakala, rimot ɗin esi, na'urar sanyaya ɗaki, a hannunsa na dama, gumi na gangarowa ta gadon bayansa yana taruwa a ƙugun wando. Ƙarfe biyu ta gota. Yaya ta ce ƙarfe huɗu, kuma tun suna yara, in Yaya ta ce huɗu to huɗun ce, ba ta wuri ba ta latti. Za ta zo da motar mijinta, ta hau hawa biyar da gwiwoyin nan nata masu ƙara, ta shiga ɗakin Inna ta tsaya. In ta tarar da ɗakin da zafi yadda ta tarar da shi makon jiya, yau Inna a gidanta za ta kwana, kuma ba ta dawowa. Haka ta faɗa masa a waya, a natse, kamar mai karanta takardar kotu.

Ai dole ta natsu. Wanda yake zaune a ƙasa, inuwar bishiya na kwance a kan rufinsa, me zai hana shi natsuwa?

Sha ɗaya. Albashi sai Asabar, yau Laraba. Firji yana cin yunit biyu a yini, kuma firji ba abin taɓawa ba ne, allurar ciwon sukarin Inna tana ciki — likita ya ja masa kunne har sau biyu, in ta sha zafi ta tashi daga aiki, zubarwa za a yi. Biyu sau uku, shida. Fanka da ƙwan fitila da cajin waya, a ce uku, in an haƙura da na falo. Saura biyu. Biyu da ɗigo huɗu. Esi kuwa, tsohon nan da ya saya a hannun wani, mai tari kafin ya tashi, biyu yake lashewa a awa ɗaya. Awa ɗaya ke nan. Awa ɗaya tal ta sanyi ya mallaka a duniya daga yau har Asabar, kuma ya riga ya san inda zai kashe ta: daga uku zuwa huɗu. Yaya ta shigo, sanyi ya tarbe ta tun daga bakin ƙofa, ta rasa ta cewa, ta sha ruwa ta sauka. Da ta sauka… to, da ta sauka sai a kashe.

Ƙarya ce? Wa zai ce ƙarya ce? Esin nasa ne, ɗakin nasa ne, uwar ma tasa ce.

Dillalin nan. Allah ya haɗa su wata rana a lungun da ba shaida. Da sassafe ya kawo shi ganin gidan, cikin damina, ruwa ya kwana yana zuba. Ya buɗe tagogin gabas da na yamma gaba ɗaya, iska ta ratsa falo tana kaɗa musu riguna, ya juyo ya ce ya ji? Wannan iskar kyauta ce, ba mita a jikinta. Ya ce na ƙasa sauro ke cin su, na tsakiya hayaniya ke cin su, na sama shi kaɗai ke barci, ga haya ta fi ta kowa sauƙi da kashi ɗaya cikin huɗu. Shi kuma ya tsaya yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Mutum mai shekara arba'in da shida, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan rufin mutane, ya san abin da rana ke yi wa siminti da tsakar rana — ya tsaya yana gyaɗa kai. Kashi ɗaya cikin huɗu… mita ta cinye shi tun watan farko na zafi, ta lashe hannu, ta sake miƙo kwano.

Su na sama, su ne hular benen nan. Shi ke nan matsayinsu. Rana ta doke su, su tsotse ta, na ƙasa su sha inuwa ba tare da sun biya ko sisi ba. Telan hawa na uku har dariya yake yi a matakala, wai su ko fanka ba sa kunnawa sai rana ta karkata, wai Allah ya saka wa mutanen sama da alheri. Dariya. Mai gidan kuwa yana can ƙasa kan kujerarsa mai lilo, ya je masa da maganar sau uku, sau uku yana ce masa ai da ya zo karɓar makulli bai ga rana a sama ba? Yana so a ɗauke masa ita ne?

Mariƙin ƙofa da zafi. Ƙofar cikin gida, wadda rana ba ta taɓa gani ba, ita ma da zafi. Falo shiru, labule a sake, ga warin nan kuma — warin da ke tasowa kullum in rana ta take, mai kama maƙogwaro. Kayan aikinsa ne. Ya ce wa Uwar yara kayan aikinsa ne da ke rataye a bayan ƙofa, ta wanke su sau biyu, ta kai su baranda, warin bai tafi ba. Ta buɗe baki rannan ta ce ita dai tun da ya shafa abin nan — ya ce ta rufe masa baki, me ta sani a kan rufi? Shi yana koya mata jera kwalaben magani ne? Yanzu ma ba ta nan. Kantin maganin da take aiki ƙarfe uku ake canjin ma'aikata, amma ba ta shigowa sai rana ta faɗi, wai ana ƙirga kaya. Kullum ana ƙirga kaya. Kanti ne mai esi biyu, ya sani, ita ma ta san ya sani. Yara kuma daga makaranta sai gidan tela, wai a can suke aikin gida, a nan biro yana zame musu a hannu. Kowa ya samo ramin da zai shige. Wanda bai da ƙafar sauka shi aka bar wa gidan.

Famfon banɗaki. Ya tara tawul, ya janye hannu da sauri. Ruwan tanki ne, tankin na kan rufi, ko ganyen shayi aka jefa ciki zai dahu. Sai ya buɗe firji ya zuba rabin gorar ruwan sha a kan tawul ɗin, ya leƙa kwalin allura a ƙofar firjin, ya taɓa shi da bayan yatsa. Da sanyi. Wannan ɗan kwalin ya fi kowa jin daɗi a gidan nan.

Inna tana kwance a ƙasa kan leda, ta bar gadon, ta ce katifa tana ƙona mata baya. Fanka na juyawa a samanta tana kwaso zafin silin tana zuba mata. Ta rame. Yaushe wuyanta ya zama haka? Leɓɓanta sun bushe sun yi fari-fari a gefe, carbi na hannunta amma yatsun ba sa motsi. Likita ya ce mai irin ciwonta in ruwan jikinta ya ƙare ba ya sanarwa, faɗuwa kawai yake yi. Ya durƙusa ya shimfiɗa mata tawul a goshi. Ta buɗe ido, ta dubi fuskarsa, ta dubi abin da ke leƙowa daga aljihun rigarsa.

“Auta, kada ka kunna abin nan saboda Yayarka.”

Ya ce ba saboda ita ba ne, dama lokacin kunnawa ne ya kusa.

“Ni na haife ku ku biyun,” in ji ta, ta mai da ido ta rufe.

Shi ke nan. Ba faɗa, ba tsawa. Da ma ta zage shi. Da ma ta ce masa ɗan banza, ka kawo ni sama ka gasa — da ya sami abin mayarwa. Ya sunkuya zai jawo kofinta da ya gangara ƙarƙashin gado, hannunsa ya ci karo da wani abu mai taushi. Ƙunshi. Zanenta shuɗi, an tattara kaya a ciki an ɗaure bakin, takalmanta na fita na ajiye a gefe, kai da kai.

Yaya. Aikin Yaya ne. Makon jiya da ta zo ta kore shi falo wai za su yi maganar mata, ashe kaya take haɗawa. A gidansa, a ƙarƙashin gadon da ya saya da guminsa. To ke Yaya, ina kike lokacin da Baba ya rasu aka rasa mai ɗaukarta? Ina kike? Cewa kika yi sai kin shawarci mijinki Akawu, Akawu ya ce ɗakin baƙi ajiyar takardu yake yi a ciki. Takardu. Shekara bakwai takardu na kwance a inuwa, uwarki na tare da ni a ɗakin ƙasan nan na tsohon gida —

Ɗakin nan. Shekara goma sha takwas ya yi a cikinsa, mutane na tafiya a kansa. Jan kujera, gudun yara, faɗan miji da mata, duk a tsakiyar kansa suke sauka. Banɗakin na sama yana tsatsa daidai kusurwar da Inna ke shimfiɗa abin sallarta, ɗis, ɗis, ruwan wankan wasu, ruwan da bai ma so ya san na mene ne ba. Ranar da ɓawon siminti ya faɗo cikin kwanon abincinta, ta sa yatsa ta cire ta ci gaba da ci, ranar ya rantse. Ya ce in Allah ya ba shi iko, ba mai sake taka saman kan uwarsa. Ba mahaluki. Kuma ya cika. Wa ke samanta yanzu? Ba kowa. Akawu ya zo ganin gida, ya iso yana haki, ya leƙa taga ya ce ma sha Allah, sheƙar tsuntsu, sai dai tsuntsun ba fiffike. Aka yi dariya. Shi ma ya yi, don kada a ce.

Ɗaurin nan dai… ya sake dubawa. Ƙulli biyu, na biyun an juya bakinsa ciki an soke. Yaya ba ta iya shi ba, Yaya jaka mai zif take riƙewa. Da wannan ƙullin Inna ta ɗaure masa kayansa ranar da aka kai shi koyon sana'a yana ɗan shekara goma sha uku.

A'a. Ba yanzu ba. Uku saura kwata.

Ruwa. A zuba wa rufin ruwa tukuna, bokiti huɗu daidai saman ɗakinta, simintin ya ɗan huce, in esi ya tashi ba zai yi kokawa da silin ba, awa ɗayar ta yi aikin awa biyu. Dabara ce mai kyau. Shi ya san rufi. Ya ɗauki bokiti, ya fita, ya kama ƙaramin tsanin ƙarfe mai hawa sama, ƙarfen na cizon tafin hannu. Taka goma sha biyu. A kan tamanin da huɗu na matakala. Tamanin da huɗu — ya san su ɗaya bayan ɗaya, akwai na talatin da bakwai mai guntun baki. Inna sau ɗaya ta hau su da ƙafarta, ranar tarewa, yana biye da ita da kujerar roba, kowane hawa ta zauna ta huta, tana cewa sannu Auta, kamar shi ne ya gaji. Tun daga nan a bayansa take sauka, a bayansa take hawa, ranar asibiti kaɗai. Wata biyar ke nan ƙafarta ba ta taka ƙasa ba. Ƙawayenta tsofaffi sukan zo su tsaya a hawa na biyu, su aiko da gaisuwa ta bakin matar tela, su juya. Ta ce masa rannan daga taga tana ganin mutane da yawa, sai dai ba mai ɗaga kai. Ya ce ai shi ne kwanciyar hankalin. Haka ya ce mata. Kwanciyar hankali.

Murfin rufin ya ɗaga, zafi ya mare shi.

Baƙi. Daga wannan bango zuwa wancan, baƙi wuluk, yana ƙyalli, iska na rawa a kansa kamar bakin tanda. Aikinsa ne, kuma aiki ne mai kyau, ko maƙiyi ya gani zai faɗa. Damina ta farko silin ya fara tsatsa a saman gadon Inna, ɗis, ɗis, sautin nan dai da ya gudo dominsa. Mai gidan ya ɗaga kafaɗa. Shi kuwa ya ce ba a yi rufin da zai yi yoyo a kan uwarsa yana raye ba. Duro biyu da rabi na kwalta, ya narka a ƙasa ya hau da ita bokiti-bokiti, kwana tara, bayan ya taso daga aikin mutane. Shafi biyu ko'ina. Saman ɗakin Inna kuwa shafi uku, har da ƙari a kusurwoyi. Tun daga ranar ko ɗigo. Ko ɗigo ɗaya, a tambayi kowa.

Ya tara bokiti a bakin tanki, ya cika, ya taka zuwa kusurwar yamma. Takalminsa na nauyi. Kowane taku sai ya ji rufin ya riƙe shi kaɗan kafin ya sake shi, ɗan sauti na fita, caɓ, caɓ. Ya watsa ruwan. Ya yi cuu, ya taru ƙwaya-ƙwaya, ya gangara bakin bututu ya tafi. Ko jiƙa wurin bai yi ba. Ina zai jiƙa? An yi ta ne don kada ruwa ya kama ta. Shi ya yi ta.

Warin nan ne. Ba na kayan bayan ƙofa ba.

Marigayi ubangidansa, tsohon da ya koya masa riƙe burushi, ba ya sauka daga rufi sai an yi shafin ƙarshe. Farin fenti, ko a baza farin tsakuwa. Yakan taka da dunduniya ya ce kwalta ita kaɗai rabin aiki ce, ka tare ruwa ka kira rana. Shi ma ai yana yi. A gidajen masu hali yana yi, makon da ya wuce ma ya yi wa wani likitan haƙori, fari tas, har ya tsaya ya ɗauki hoto a waya. A nan ne ya ce ado ne. A nan ne ya ce wa zai hau ya gani? Kuɗin fentin na hannunsa, bokiti shida, ya juya ya sayi esi da su, ya ɗauko shi a kafaɗa tamanin da huɗu, yara na tsalle, ya ce wa Inna yau za ta kwana kamar matar gwamna. Ta shafa ƙarfen ta sa masa albarka.

Ba dillali ba ne ya hau da duro biyu da rabi. Mai gidan bai taɓa riƙe burushi ba. Tela… tela me ya yi masa, ban da dariya?

Ya durƙusa, ya kai tafin hannu, bai kai ga taɓawa ba ya ji ta tana hura masa. A nan ta fi kauri. A nan ta fi laushi, ta yi ƙananan ƙuraje tana numfashi. Shafi uku. Ƙarƙashin nan daidai, taku biyu daga inda gwiwarsa take, akwai leda, akwai tawul da ya riga ya bushe, akwai carbin da ba ya motsi. Ba mai taka saman kanta, ya cika alkawari. Shi kaɗai ne a tsaye a kai.

Fenti bokiti shida. Albashin Asabar ba zai kai uku ba, in an sayi wuta. A sayar da esin? Wa zai sayi mai tari? Ko an saya, sai rufin ya huce kafin a shafa, sai an sami safiya uku a jere, sai… kuma ko ya yi fari kamar takarda, tamanin da huɗun fa? Su wane fenti ake shafa musu?

Hon ɗin mota daga ƙasa, gajere, sau biyu.

Ya miƙe ya leƙa ta kan bango. Farar motar Akawu ce, ƙarama kamar akwatin ashana, tana gyara tsayuwa a inuwar mai gidan. Ƙofa ta buɗe, mayafi ruwan toka ya fito, ya tsaya, ya ɗaga kai sama. Shi kuwa ya duba wayarsa. Uku da minti goma. Yaya da ba ta taɓa yin wuri ba tun da aka haife shi… sai dai in kiran ta aka yi. Ƙaramar wayar Inna na ƙarƙashin matashinta, shi ya saya mata, shi ya koya mata inda za ta danna: ɗaya Auta, biyu Yaya.

Tamanin da huɗu, da gwiwoyin Yaya, minti goma ne ko sha biyu. In ya sauka yanzu ya danna, ɗakin zai ɗan sha iska kafin ta iso. Zai ɗan sha. Rimot ɗin na aljihunsa, ya ɗumama kamar abu mai rai. In kuwa ba haka ba, to gadon bayan da zai sauke ta nasa ne, ba mai iya ɗaukar ta sai shi, Akawu ko jakarsa ba ya iya hawa da ita. Shi zai durƙusa ta kama wuyansa, shi zai ƙirga su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, tana ce masa sannu Auta a kowane hawa…

Ya ɗaga ƙafar dama zai juya. Ƙafar ta fito, takalmin ya zauna a cikin kwalta. Yana tsaye da ƙafa ɗaya, bokiti na lilo a hannunsa, yana neman inda zai taka, ko'ina baƙi ne.